Irin amla: jiƙo a ruwa zalla ko da GA3, wanne ya fi?

Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce wani ɗalibi ya taho maka da 'ya'yan amla, wata bishiya mai 'ya'ya masu tsami, daga Indiya, ka shuka sama da ashirin a leda ko ɗaya bai fito ba, wani ya ce ka jiƙa a ruwa kawai wani kuma ya ce sai ka nemi maganin GA3 mai tayar da iri, kana so a kwatanta maka biyun. To bismillah, amma kafin nan ina da zargin cewa ƙwallon ka binne gaba ɗaya, kuma in haka ne wallahi ko da me ka jiƙa shi wahala za ka sha.

Abin da ke cikin ɗan amla in ka cinye naman ba shi ne irin ba, gidan irin ne. Ƙwallo ne mai tauri mai ɗaki uku, kowane ɗaki da ƙwaya biyu, yawanci shida ke nan, ƙanana masu ruwan ƙasa. Na ga yadda ake fitar da su da idona a wani wajen renon itatuwa a jihar Uttar Pradesh ta Indiya lokacin ina karatu can, wani dattijo ya baza ƙwallayen a kan buhu a rana ya rufe da gidan sauro, na tambaye shi amfanin rufin ya ce in tsaya in ji. Can da rana ta take sai ka ji ƙas, ƙas, ƙwallon na tsagewa da kansa yana harba irin waje, ba don rufin ba sai dai a bi su ana tsinta a tsakar gida. Daga nan ya zuba su a bokitin ruwa, waɗanda suka taso sama ya kwashe ya watsar don fanko ne, waɗanda suka nutse su ne iri. Wannan tantancewar kaɗai tana canza lissafi sosai fa.

Yanzu kwatancen.

Jiƙo a ruwa zalla: kwana ɗaya, wato awa 24, ka tsame ka shuka nan take kar ka bari ya sake bushewa. Aikinsa shi ne ya tausasa fatar irin ya sha ruwa ya farka. Ba ka kashe ko sisi, kuma babu yadda za ka yi kuskuren awo. Matsalarsa tsiron ba ya fitowa tare, wani ya leƙo a sati na biyu zuwa na uku, wani sai ka fid da rai sannan ka gan shi, to ledojinka za su zama wani dogo wani gajere. Manoman can wasu suna dama ɗanyen kashin shanu a ruwan su jiƙa a ciki, shi ma hanya ce ta mai ƙaramin ƙarfi.

Shi kuwa GA3, wato jibarelik asid, sinadari ne da tsirrai da kansu suke samarwa, shi ke tayar da iri daga barci ya sa abincin da ke ajiye a cikinsa ya narke tsiro ya samu. Awon da aka fi ba masu reno shawara a Indiya shi ne kashi 500 cikin miliyan, ma'ana rabin giram a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa awa 24. In garin zalla ka samu ba ya narkewa da kyau a ruwa, sai ka fara narkar da shi da ɗan sifirit kaɗan sannan ka cika da ruwa. Ribarsa a fili take, iri ya fi fitowa da yawa, ya fi sauri, kuma kusan tare, tsiron ma ya fi saurin miƙewa. Amma rabin giram ba abin da za ka auna da ido ba ne, kana bukatar ƙaramin sikeli irin na masu gwal, kuma in ka zarce awo tsiron zai yi tsawo siriri kamar zare, iska kaɗan ta kwantar da shi. Ga kuma tsada da wahalar samun na gaskiya.

Ni dai ra'ayina, mai leda ashirin ko talatin a bayan gida ba ya bukatar GA3, ruwa ya ishe shi in dai irin sabo ne kuma ya nutse. GA3 na mai renon dubbai ne wanda yake so duka su kai kauri ɗaya a lokaci ɗaya saboda aure, wato ɗora ido ko reshen wata bishiya a kan tsiron. Kuma babu ɗaya cikin biyun da zai tayar da mataccen iri. Busasshen amla da ake sayarwa a shagunan magungunan gargajiya don gyaran gashi, kar ma ka ɓata lokacinka, an yanyanka shi, sau da yawa ma an cire ƙwallon. A can ana tsinkar 'ya'yan ne daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, irin wannan kakar ake so, ba wanda ya shekara a kwalba ba.

Bayan ya fito, abin da ya fi kashe shi ruwa ne mai yawa. Ka haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki daidai wa daida, ka huda gindin ledar, zurfin shuka kar ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, ka ajiye a inuwa mai ɗan hasken rana. In ka ga ƙaramin tsiro ya yi baƙi a wuya ya faɗi, laima ce ta yi yawa, ka rage ban ruwa. Ledar kuma ta zama doguwa don saiwarsa ƙasa take nufa.

Sai abu ɗaya da nake so ka sani tun yanzu don kar ranka ya ɓaci nan gaba. Bishiyar da ta tashi daga iri takan kai shekara 7 zuwa 8 kafin ta yi 'ya'ya, kuma 'ya'yan kan zo ƙanana ba irin uwar ba, kamar dai yadda muka sani a mangwaro. Shi ya sa a Pratapgarh, garin da ya yi suna da amla a Uttar Pradesh, tsiron iri gindi ne kawai, in ya kai kaurin fensir sai a yi masa aure da ido daga nau'in amla na Chakaiya ko Banarasi ko NA-7, wanda jami'ar noma ta Narendra Deva da ke yankin Ayodhya, wanda a da ake kira Faizabad, ta fitar, mai aure kuma a shekara 3 zuwa 4 ya fara bayarwa. Suna kuma haɗa kala biyu a gona ɗaya don furen ya fi kamawa.

In da sauran 'ya'yan a hannunka, ka cire naman yau ka shanya ƙwallon, ka turo mana hoton abin da ya fito daga ciki mu gani kafin ka jiƙa.