Injin jirgin ruwa da tsatsa ta ci: a gyara ko a sayi sabo?

Mutane sun yi ta tambayata kan injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, in tsatsa ta cinye shi gyara za a yi ko canji? To gaskiya sai an duba inda tsatsar ta kai.

Ta fannin kuɗi gyara ya fi sauƙi, in dai matsalar iyakarta farfela, famfon ruwa, gaskit ko wayoyi. Amma fa ruwan gishiri mugu ne, daga ciki yake ci, ya toshe hanyoyin ruwan da ke sanyaya injin, notin ƙarfe kuma ya manne da alminiyam, bakanike yana juyawa sai ya karye a ciki, aikin yini ɗaya ya koma na sati, kuɗin aiki na ta hauhawa. Shi ya sa kafin ka kashe ko sisi a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska, na kowace silinda, a zubo man giya a gani, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. In tsatsa ta huda jikin injin kansa, ni dai ba na ba da shawarar faci, don mutuwar inji a tsakiyar ruwa maganar rai ce.

Sabo akwai tsada sosai, sai dai yana zuwa da garanti, kuma mai fo-sitirok, wato wanda ba a haɗa masa baƙin mai da fetur, ya fi tsohon tu-sitirok da ake haɗa wa tattalin mai, ko da yake ya fi shi nauyi, sai ka tabbatar bayan jirginka zai ɗauka.

Wanda injinsa jikinsa lafiya, kayan gyaransa na samuwa, ba ya nisa da gaɓa, gyara ya ishe shi. Masunci ko mai ɗaukar fasinja da ke shiga ruwa kullum, sabon ya fi dacewa da shi.