Ƙera kaya a gem: Far Cry 3 da The Last of Us gefe da gefe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu yin gem sun cika cusa mana ƙera kaya, wato sai ka yi ta tsintar itace da ƙarfe da fata kafin ka riƙe makami. E, sun cika. Amma bari in ajiye maka gem biyu da na buga a wani shago kan titin Bauchi nan Jos, inda kuɗin awa ake biya, janareta na ruri a bakin ƙofa.

Far Cry 3 na kamfanin Ubisoft ne, ya fito a 2012. Da farko bindiga ɗaya kake iya ratayawa, lalitarka ma ba ta cin kuɗi da yawa. In kana son ƙari, sai ka shiga farauta: fatar akuya, fatar barewa, har ta kifin shak. 'Yan fashin teku sun kama abokanka, kai kuma kana can cikin ruwa kana bin kifi don a faɗaɗa maka jaka. Babu wata shawara da za ka yanke, adadi ne aka rubuta maka, ka cika ka wuce. Na ƙona kusan awa guda a kan wannan, raina ya ɓaci ƙwarai da mai shago ya ce lokaci ya cika.

The Last of Us kuwa, wanda Naughty Dog suka fitar a 2013, tsumma da barasa su ne kayan ɗaurin rauni, kuma su ɗin ne dai kayan haɗa kwalbar wuta. In guda ɗaya gare ka, dole ka zaɓa. Sannan gem ɗin ba ya tsayawa ya jira ka. Joel, mutumin da kake bugawa da shi, zai durƙusa ya buɗe jakarsa, maƙiya na ci gaba da yawo. Ba na manta wata rana, jinina saura kaɗan, makafin dodannin nan masu bin sauti suna bayan bango, ina jin ƙas-ƙas ɗinsu. In ɗaure rauni ko in ƙone su? Tafin hannuna sai da ya jiƙe da gumi. Na haɗa kwalbar na jefa, na lallaɓa na wuce da rauni a jiki. A can tsinto ya zame min aikin dole, a nan tsumma ɗaya ya sa zuciyata bugawa.

Minecraft daban yake, shi ƙirar ce wasan gaba ɗaya. Sanduna biyu da duwatsu uku su ba ka diga, kuma ba ka haƙo lu'u-lu'u sai da digar ƙarfe. Ya fito a kammale a 2011, an sayar da sama da kwafi miliyan 300. A ganina tun daga nan kowane kamfani ya ce shi ma sai ya taɓa, ga shi kuma tsinto hanya ce mai arha ta cika ƙatuwar taswira da ja wa gem tsawo.

Tunda kai ma kuɗin awa kake biya, ka fara da The Last of Us. In ka zo kan Far Cry 3, ka yi kuben bindiga biyu na farko, ka bar shak a ruwansa ka bi labari.