Wasiƙa daga unguwar tsofaffi a karkarar Pennsylvania

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ya ƙarfin jiki, ya damina? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na saurari saƙon da ka bar mini a WhatsApp, na kuma ji damuwa a muryarka. An ce maka yara sun tattara ni da uwargida sun kai gidan gajiyayyu. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya kai mu. Bayan na yi ritaya muka sayar da gidanmu na birni, muka zo da ƙafarmu. Amma tun da maganar ta taso, bari in zayyana maka wurin, da daɗinsa da ɗacinsa, don akwai abin da nake so ka kai wa kwamitinku na unguwa.

Muna cikin karkarar gundumar Lancaster a jihar Pennsylvania, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Philadelphia. Duk inda ka duba gonakin masara ne da waken soya da garken shanun madara. Kiristoci mabiya ɗariƙar Mennonite ne suka kafa wannan unguwar tsofaffin, kuma ba kamfanin neman riba ba ne. Kashi uku aka yi shi. Akwai ƙananan gidaje na masu sauran ƙarfi irinmu, akwai sashen waɗanda sai an taimaka musu da wanka da shan magani, sannan akwai sashen jinya mai ma'aikata dare da rana. Idan jiki ya yi rauni, sai mutum ya matsa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya bar maƙwabtansa ba.

Kuɗi ne dai, Yaya, kuma ba kaɗan ba. A irin waɗannan wurare kuɗin shiga kawai yakan kai dala 100,000, wasu wuraren ya ninka haka sau da yawa, ga kuma na wata-wata da ke kai dubbai. Kusan kowa a nan gidansa ya sayar ya biya. Mutanen gida suna zaton gwamnati ke riƙe tsoho a Amurka. Akwai fansho na tarayya tun 1935, akwai inshorar lafiya ta Medicare tun 1965 ga wanda ya kai shekara 65, amma ita asibiti da likita take biya. Doguwar jinya ta yau da gobe, ciyarwa da wanka da juya marar lafiya a gado, ba ta ɗauka. Sai mutum ya cinye abin da ya tara kafin shirin marasa ƙarfi, Medicaid, ya karɓe shi. Ɗakin jinya na mutum ɗaya ya wuce dala 100,000 a shekara. Na ga dattawan da suka yi aiki tun suna samari, jinyar shekara biyu ko uku ta share musu komai.

Abin da kuɗin ke saye kuwa, ba na raina shi. Idan dusar ƙanƙara ta zuba da dare, kafin a idar da sallar asuba an kwashe ta daga ƙofar gida an barbaɗa gishiri. Famfo ya lalace, ka buga waya, a zo ran nan. A banɗaki akwai igiya, wanda ya faɗi ya ja, ma'aikaciyar jinya ta iso. Ranar da na fara ganin igiyar nan Inna na tuna, Allah ya jiƙanta, da daren da ta zame a makewayi ba wanda ya ji ta sai da gari ya waye. Akwai kuma motar da ke kai tsofaffi asibiti da kasuwa a kan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin mota. Sauran daga ribar cacar tikiti ta jihar (lottery) ake biya, domin tun 1972 ribar wannan caca a Pennsylvania kan hidimar tsofaffi take tafiya. Wannan bai kwanta mini a rai ba, shi ya sa nake tuƙa motata muddin ido na gani.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Wurin nan mai gine-gine na miliyoyin daloli, kwamitin amintattu ne ke riƙe da shi, kuma ko sisi ba a biyan ɗayansu. A cikinsu akwai manomi, da tsohuwar shugabar makaranta, da akanta, da fasto, da likita mai ritaya. Mazauna suna da tasu majalisar, ita ce ta zaɓe ni in wakilce su a kwamitin, aka kuma sa ni a ɓangaren kuɗi. Ni kaɗai ne Musulmi, ni kaɗai ne baƙar fata a teburin. Da watan azumi ya zo, ba tare da na roƙa ba suka dawo da zaman yamma zuwa safe.

Kwana bakwai kafin zama takardu ke iso wa kowa: ajanda, da bayanin zaman da ya wuce, da abin da ya shigo da abin da ya fita. Ana farawa a kan lokaci ko da shugaba ne bai iso ba. Mai magana sai ya ɗaga hannu, ƙuduri sai an sami mai goyon baya kafin a tattauna shi, tsarin da wani hafsan soja, Henry Robert, ya rubuta a 1876, wanda har yau ƙungiyoyin ƙasar nan ke bi. Idan ɗan wani a cikinmu na neman kwangilar gyaran rufi, uban zai faɗa da bakinsa, ya fita daga ɗakin har a gama ƙuri'a. Ba a ɗaukar hakan a matsayin zargi. Kowace shekara odita daga waje ya zo ya bi lissafi, kuma takardar da ake miƙa wa hukumar haraji a buɗe take, kowa na iya dubawa a intanet ya ga har albashin manaja. Wa'adin kowa a rubuce yake, in ya cika ya sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne asusun gyara. An ɗauko injiniya ya zagaye wurin ya rubuta shekarun da suka rage wa kowane rufi, da injin ɗumama ɗakuna, da janareta, da kwaltar hanya. Aka raba kuɗin sabuntawa a kan waɗannan shekaru, ana cire kaɗan-kaɗan kowane wata. Rufin da sai nan da shekara 10 zai nemi canji, tun yau ake tara masa.

Kada ka ɗauka babu rigima. Zaman da ya fi tsaya mini a rai na albashin masu hidima ne. Matan da ke wanke tsofaffi, su canza musu zanen gado, su ba su abinci a baki, da yawansu baƙi ne, 'yan Kwango da Habasha da Nepal, don Lancaster ta karɓi 'yan gudun hijira masu yawa. Mafi ƙarancin albashi a jihar dala 7.25 ne a awa tun 2009. Mu muna biyan fiye da haka nesa ba kusa ba, amma manyan rumbunan ajiyar kaya na bakin titi sun fi mu biya, ƙwararrun namu suna ta tafiya. Ƙarin albashi kuwa daga aljihun mazauna zai fito, wasunsu zawarawa ne masu fansho ɗan kaɗan. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya da hawaye ta ce ƙarin zai cinye kuɗin maganinta. Na je na zauna da ita, muka duba takardunta tare. A ƙarshe na jefa ƙuri'ar a yi ƙarin, don na san tsohon da ya ruɗe ba ya yarda da sabuwar fuska kullum, kuma hannun da ke ɗauke ƙazantar mutum bai cancanci a rage masa haƙƙi ba. Amma mun haɗa da sharaɗin a faɗaɗa asusun tallafi. Shi wannan asusun na waɗanda kuɗinsu ya ƙare ne, ba a korarsu, kuma mutum biyu kacal suka san sunayensu. Daga shagon gwanjo da mazauna ke tsare wa kyauta ake cika shi, da barguna masu ado da matan ke ɗinkawa ana yin gwanjonsu, da wasiyyar waɗanda suka rasu.

Ba a wurinmu kaɗai ake wannan sa kai ba. Masu kashe gobara na ƙauyukan nan galibinsu manoma ne da makanikai, ƙararrawa ta buga su ajiye aiki su ruga. Ƙarshen hunturu sukan yi babban gwanjo a fili cikin laka, a sayar da dawaki da kayan noma da barguna, kuɗin ya tafi kan motar kashe wuta.

Maƙwabtanmu na gonaki, mutanen Amish masu keken doki, su ba sa kawo tsofaffinsu nan. Ɗaki suke ginawa a jikin babban gida, kaka da kakanni su koma ciki, ɗa ya karɓi gona. Tun 1965 doka ta yafe wa masu aikin kansu a cikinsu harajin fansho, don sun ce su za su riƙe nasu. Idan rumbun wani ya ƙone, gayya suke yi kamar tamu, su tayar da sabo. Idan na wuce na ga tsoho a baranda jikoki na hawa kansa, zuciyata takan yi nauyi. A wurinmu shiru ne. Jika sai da alƙawari yake zuwa, ya kwana biyu ya tafi. Maƙwabcina ya rasu, aka ƙone gawar kamar yadda fiye da rabin mutanen ƙasar ke yi yanzu, taron tunawa da shi sai bayan makonni, kafin wata ya zagayo an yi wa gidan fenti wani ya shiga. Ba zaman makoki, ba tabarma a ƙofar gida. Mu mun riga mun yi magana da masallacin birni, mun sayi wuri a maƙabartar Musulmi, mun rubuta an sa a fayil ɗinmu cewa a yi mana sutura da gaggawa.

Ka tambayi abinci. Ƙwai da madara da tumatir da ɗanyar masara a bakin gona muke saye, babu mai tsaro, akwati ne ka jefa kuɗi ka ɗauki canji. Ragon layya a kasuwar dabbobi ta New Holland ake samu, gab da babbar salla cike take da Musulmi daga Philadelphia da New York. Gero kuwa yawanci abincin tsuntsu ne a nan, na fura mai kyau sai shagunan 'yan Afirka na titin Woodland a Philadelphia, can ne kuma kuka da daddawa, da tsada, kuma daddawar ba ta kai ta gida ƙamshi ba.

To Yaya, ka ce mini burtsatsen unguwa ya sake tsayawa, an yi karo-karo sau biyu, mutane sun fara gunaguni a kan ma'aji. Na san mutumin, ban zarge shi da komai ba, amma shi ma takarda za ta kare masa mutunci. Ku buɗe asusun banki da sunan kwamiti, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Ku liƙa lissafin kowane wata a bangon masallaci. Ku tambayi mai gyara shekara nawa famfon da batiran sola ke yi, ku fara cire musu wani abu daga kuɗin kowace jarka tun yanzu. Ku kuma ware gidajen tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu ruwa, a sa yara su riƙa kai musu kyauta. Idan kun amince da wannan, kuɗin famfon na wannan karon ni zan turo, cikin asusun kwamitin.

Idan an sami mai zuwa, a aiko mana da kuka da daddawa da yajin Hajiya, a bayyana su a filin jirgi. Kilishi kada a sako, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shigo. Uwargida tana gaishe ku. A gaida Hajiya da yara, da Liman, da duk mai tambayata.

Ƙanenka.