Rezin ɗin UV da na shafa wa jigi-jigina, ga yadda muka ƙare

Jama'a ina da jigi, wato kifin ƙarya na dalma da ake sa wa ƙugiya, guda tara da duwatsu da haƙoran kifi suka gama kankare musu fenti, wasu har dalmar ta fito ta yi toka-toka, kuma duk mai kamun kifi da irin kifin ƙarfen nan ya san jikinsa ba ya mutuwa, kalar ce kawai take tafiya. Sayen sababbi kullum ba zai yiwu ba, shi ya sa na ɗauko rezin ɗin nan, wani ruwa mai kauri da ake shafawa a saman fenti, mai ƙamewa da hasken UV, wanda yake zuwa da 'yar tocilarsa a cikin kwali.

Ranar farko wallahi na ji daɗinsa ba kaɗan ba. Na goge su da samfefa a cikin ruwa saboda ƙurar dalma guba ce, ba abin da mutum zai shaƙa ba ne, na wanke da asiton, ruwan nan na cire maiƙo da fenti, na fesa farin fenti a ƙasa, da ya sha iska na manna sitika mai walƙiya gefe da gefe, na ja shuɗi a gadon baya, sannan na bi da rezin da ƙaramin burushi. Minti biyu a ƙarƙashin tocila ya ƙame sai ƙyalli kamar gilashi. Wanda ya taɓa aiki da ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu, zai gane abin da nake nufi, shi sai ka auna daidai wa daida ka gauraya, ka tsaya kana jujjuya jigin don kar ya gangaro ya taru a wutsiya, sannan ka jira kwana guda kafin ka taɓa. Wannan kuwa babu aune babu jira. A daren nan na gama takwas, na taran kuma na bar shi da ragowar ifoksi na minti 30 da nake da shi tun da, don dai kar ya lalace a banza.

Abu na farko da ya fara ɓata min rai shi ne danƙo. Saman ya ƙame amma in ka taɓa yana kama yatsa, na ƙara haska tocila har batir ya yi sanyi bai daina ba. Ashe iskar oksijin ce take hana ɗan siririn saman nan ƙamewa, sai an goge da sifirit ko a shanya a rana, kuma ko layi ɗaya ba su rubuta a takardar da ke cikin kwalin ba. Na goge, ya tafi, na ce to wannan mai sauƙi ne.

Sai ranar da na fita da su. Akwai wani mai giram 60 da na fi ji da shi, shi na fi ɓata wa lokaci, har ido na sake masa da ɗigon baƙin fenti. Na sake shi ya nutse har ƙasa, na fara fizga ina saki, fizga ta huɗu ko ta biyar sai na ji an riƙe, sanda ta lanƙwashe, muka ja da shi kamar minti uku sannan ya kuɓuce. Kuɓucewar ba ta dame ni ba, wannan ai kullum ne. Da na naɗo zaren na ɗago jigin ne jikina ya yi sanyi. Inda haƙori ya sauka rezin ya tsage tun daga ciki har kusa da zoben ƙugiya, ruwa ya shiga ƙarƙashi, na sa farce na ɗan taɓa bakin tsagar sai gaba ɗaya gefen ya ɓantaro kamar saɓar maciji, da sitikar da shuɗin duk suka biyo shi, aka bar ni da farin fenti tsirara. Cizo ɗaya fa! Na zauna ina juya shi a tafin hannu, aikin dare guda ya tafi a minti uku. Na ɗaura na biyu, shi ko kifi bai taɓa ba, dutse kawai ya buga sau biyu hancin ya farfashe.

Da na dawo na duba sauran sai na ga gefen sitikar ya ɗan ɗaga a kusan dukkansu tun kafin su ga ruwa, don rezin yana ɗan tsukewa lokacin da yake ƙamewa, yana jan abin da ke ƙarƙashinsa. Wataƙila da laifina, na shafa da kauri a tashi ɗaya maimakon siriri sau biyu ko uku, kuma ban karce saman fentin ba kafin na shafa. Amma a jikin kwalin sun zana ƙugiya da kifi, sun ce yana jure duka, to a gaya wa mutum yadda zai yi mana.

Na taran nan mai ifoksi shi na ƙarasa yinin da shi. Ya sha dutse, kifi biyu sun cije shi, ya dawo da 'yan karce kawai, ko ɗagawa bai yi ba. Ragowar rezin ɗin yanzu sai dai in ɗiga a kan ido ko in toshe ƙaramin karce da shi a bakin ruwa, nan kam yana aiki, amma shida da suka rage zan sake kankare su in koma ifoksi.