Tsohon keken ɗinki Singer da muka saya a Gujungu

Masu tambaya ko tsohon Singer baƙi na ƙafa yana da kyau, wallahi in kin samu na asali ki ɗauka kawai. Wanda aka yi amfani da shi muka saya wa ƙanwata a kasuwar Gujungu, fentinsa duk ya goge amma kan keken ƙarfe ne zalla, mutum ɗaya sai ya yi nishi yake ɗaga shi. Shadda, atamfa, har wandon jins ninki huɗu yana wucewa ba ya tsallake ɗinki, kuma ba ruwansa da wuta balle janareto, a ƙauye ai wannan shi ne magana.

Fasahar ma ba ta yau ba ce, tun 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, amma Elias Howe ya riga shi a 1846 da allura mai ido a baki da ɗinkin zare biyu, har kotu suka je, Howe ya ci, Singer ya koma biyansa.

Mai sayarwar dai ya haɗa mu da bel ɗin da ya rube, sai da muka canza. Kafin ki biya kuɗi ki sa a yi ɗinki a gabanki, ki juya ki duba zaren ƙasa.