Etna ko Vesuvio: wanne ya cancanci hawan yini guda?

Malam, tsakanin duwatsun Italiya biyu masu aman wuta da ka ambata, Etna za ka hau, kuma dalilina shi ne a can ne mutum ke ganin dutsen yana raye. Tsayinsa ya haura mita 3,300 a gabashin tsibirin Sisili, kuma tsayin ma yakan sauya, domin amai yakan ƙara wa ƙololuwarsa ko ya rage mata. Daga birnin Catania mota tana kai mutum Rifugio Sapienza, masaukin masu hawan dutsen, a kimanin mita 1,900, sannan motar da ke tafiya rataye a jikin waya ta ɗauke shi zuwa mita 2,500. Daga nan sai tafiyar ƙasa a kan baƙar toka mai zame ƙafa, ko kuma a shiga manyan motocin da ke ƙarasawa da mutane gaba.

A ranar da na hau, iska mai sanyi tana yankar fuska duk da cewa a Catania zafi ake yi, sai jagoranmu ya tsaya, ya tone tokar da hannunsa, ya ce kowa ya sa nasa. Ɗumin da na ji kamar na murhun da aka kashe da safe, ga tururi yana fitowa tsakanin yatsuna, alhali ragowar ƙanƙara tana kwance a gefenmu. Shi ne kuma ya nuna mana hanyar da narkakken dutse ya bi a aman 2002, ya kuma ba mu labarin na 1669 wanda ya gangara har cikin Catania.

Vesuvio kuwa, da ke kusa da birnin Napoli, yana da sunansa, tun da shi ya binne birnin Pompeii a shekara ta 79 miladiyya, amma rabonsa da amai tun 1944, tsayinsa mita 1,281 ne kawai, kuma hawan bai wuce rabin sa'a cikin cunkoson jama'a ba kafin ka leƙa rami ka juyo. Idan a Napoli kake kuma ba ka da halin ƙetarawa Sisili, zai rage maka marmari.

Sai dai Etna ba wurin ganganci ba ne. A watan Maris na 2017 narkakken dutse ya haɗu da ƙanƙara, ruwan ya rikiɗe tururi nan take, wurin ya fashe, duwatsu masu zafi suka raunata mutane har da ma'aikatan BBC. A watan Yuni na 2025 ma an ga masu yawon buɗe ido suna gangarowa da gudu. Saboda haka hukumomi ke ƙayyade iyakar inda za a kai ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma iyakar tana sauyawa gwargwadon yanayin dutsen, don haka ka bincika da safiyar ranar. Ka sa takalmi mai ƙarfi da rigar sanyi, ka riƙe ruwa da abin rufe hanci saboda toka da warin farar wuta.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka kiyayi masu tallar tafiya da ke alkawarin kai mutum ƙololuwa a farashi mai rahusa. Wasunsu iyakacinsu tsofaffin ramukan aman wuta na Silvestri da ke gefen titi kusa da Rifugio Sapienza, waɗanda kowa ke iya zagayawa da kansa ba tare da jagora ba. Kafin ka biya ko sisi, ka sa su rubuta maka tsayin da za su kai ka, ka ga lasisin jagoran da idonka, ka kuma ji ko za a mayar maka da kuɗinka idan hukuma ta rufe hanya a ranar.