Yinin da muka yi a South Bank na Landan ni da Yaya, da inda kuɗinmu ya tafi

Kwanan nan Facebook ya tuno min da wani hoto da muka ɗauka a saman London Eye, ƙaton lilon nan mai siffar taya da ke bakin kogi a Landan, na sake sa shi, tun daga nan mutane ke ta min tambaya ta inbos wai nawa ne shiga, wai ya kai kuɗinsa kuwa, wai akwai abun kallo a wajen bayan lilon. Toh bari in rubuta sau ɗaya in huta da amsa ɗai-ɗai. A tsakiyar Oktoban 2023 ne, Yayana ya zo daga Kano, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kwana tara kacal zai yi, ni kuma lokacin ina karatu a Coventry, sai na ware Asabar guda na ce yau dai sai ya ga Landan ɗin da ake faɗa.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa tashar Euston a Landan, daga nan muka shiga na ƙarƙashin ƙasa layin Northern ya sauke mu a Waterloo, ba canji. A na ƙarƙashin ƙasan ba sai ka sayi wani tikiti ba, katin bankinka kawai za ka ɗora a bakin ƙofa ya buɗe. Kana fitowa daga tashar minti biyar ka iso bakin kogin Thames, gefen kudu, shi ne South Bank ɗin, doguwar hanya ce ta masu tafiya da ƙafa wadda gidajen wasa da gidajen kallo suka jeru a bakinta, daga gadar Westminster har wajen gadar Landan, tafiyar duk ba ta fi kilomita 3 ba amma wallahi yini muka yi ba mu gama ta ba.

London Eye muka fara, tunda ita Yaya ya sani a hoto. Kuskuren farko nawa ne, ban sayi tikiti ta intanet tun da wuri ba sai a ranar, alhali kowa ya san na ranar ya fi tsada, mutum ɗaya ya haura fam 30 sosai. Ina biya Yaya ya ciro waya zai buga lissafi na ce Yaya don Allah ku bari, in kuka mayar da shi naira ba za mu hau ba. Ya buga ɗin kuwa, ya yi shiru, ya ce kai yanzu kuɗin shadda mai kyau ka ba su don a juya mu a lilo. Tsayinta mita 135, an buɗe ta wa jama'a a 2000, ɗakunan gilashi 32 ne a jikinta kowanne yana ɗaukar mutum har 25, kuma abun dariya lambobin sun kai 33 saboda sun tsallake 13, camfi dai ba a ƙauye kaɗai yake ba. Ba ta tsayawa a shiga, tafiya take a hankali kaman hawainiya kai kuma ka taka ka shige, zagaye ɗaya wajen minti 30. Gaskiya daga sama kallo ya yi, ga majalisar dokokinsu a tsallaken ruwa, ga hasumiyar agogon da muke ce wa Big Ben, wanda ashe sunan ƙararrawar ciki ne, ita hasumiyar tun 2012 sunanta Elizabeth Tower, ga kogin yana lanƙwasa, motoci kaman tururuwa. Mun yi sa'a gari ya washe da safen. In akwai hazo ko ruwa ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka. Minti goman farko kowa na rububin hoto, minti goman ƙarshe kowa ya zauna a bencin tsakiya yana duba hotunan da ya ɗauka. Sau ɗaya a rayuwa ya isa, ba zan ce na yi nadama ba amma ba zan koma ba sai dai in rakiya.

Ginin da ke gindinta, County Hall, da can hedikwatar hukumar birnin ce har 1986, yanzu an cika shi da wajen kallon kifaye da gidan tsoratarwa da na yara, kowanne da nasa tikitin. Ba mu shiga ko ɗaya ba don haka ba ni da bakin magana a kansu.

Mun ɗan hau gadar Westminster don hoto da agogon, a nan ne muka ci karo da 'yan wala-wala, sak irin na tasha, kofi uku da 'yar ƙwallo a ƙasa, ga mutanensu sun zagaye suna ta ci kaman da gaske don su ja baƙo. Yaya yana gani ya yi dariya ya ce ashe sana'ar nan har nan ta iso, ya nuna min mutum uku ya ce wancan nasu ne, wancan ma, matar can ma tasu ce, tun kafin a gama zagaye ɗaya. Kar ka tsaya, kuma ka sa wayarka a aljihun gaba, cunkoson wajen ba na wasa ba ne.

Daga nan ne yinin ya fara daɗi, kuma daga nan ne muka daina kashe kuɗi mai ciwo. Muka miƙa gabas a bakin ruwa, masu kiɗa, masu wasan dabo, wani ya shafe jikinsa da fenti ruwan azurfa ya ƙame kaman gunki sai an jefa masa kwabo ya motsa. Royal Festival Hall, babban zauren kiɗa da aka buɗe a 1951, za ka iya shiga harabarsa ta ciki kyauta ka zauna ka huta ba mai ce maka me kake yi, akwai bayi mai tsafta, wanda duk ya taɓa yawo a Landan da sanyi ya san darajar wannan magana. A nan muka yi alwala a daddafe a wajen wanke hannu, da yake mu matafiya ne muka haɗa azahar da la'asar a wani lungu da babu mutane, a kan rigar sanyina. Ka taho da 'yar dardumar aljihu, ni na manta tawa. A ƙarƙashin ginin da ke kusa akwai wani waje duk an zane bangonsa da fenti inda samari ke sulu da katako mai taya tun shekarun 1970, an taɓa son a mai da shi shaguna suka tashi tsaye suka hana. Gaba kaɗan ƙarƙashin gadar Waterloo teburan tsofaffin littattafai ne a jere, na tsaya ina bincike Yaya ya ce malam mun zo yawo ne ko makaranta. Sai National Theatre, ƙaton gini na zallar kankare ba fenti ba komai, tun 1976, Yaya ya tambaye ni yaushe za su gama shi. Na ce ai a game yake. Ba shi kaɗai ba ne, Sarki Charles ma tun yana yarima ya taɓa kwatanta ginin da tashar nukiliya.

Abinci ne inda na ji haushi. Wata rumfa a bakin hanya da ta rubuta halal muka tsaya, shinkafa da kaza a ɗan kwali, fam 12, kazar kuwa sai ka yi bincike kafin ka same ta, yaji babu, gishiri ma da ƙyar. Yaya ya ci ya ce alhamdulillahi, ya ciro kilishin da ya taho da shi daga aljihun jaka muka ƙarasa da shi muna kallon ruwa. Lokacin kogin ya janye har yashi da duwatsu sun fito mutane na yawo a ƙasa, da yamma da muka sake dubawa ruwa ya shanye wajen gaba ɗaya, ashe Thames ɗin yana hawa yana sauka kullum da igiyar teku, mitoci da yawa.

Ƙarfe 2 muka shiga Globe, gidan wasan kwaikwayon Shakespeare. Wannan shi ne abun da na fi son in ba da labarinsa. Ba asalin ginin ba ne, na farkon an gina shi a 1599 ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa ana tsakar wasa wuta ta kama jinkar, wannan na yanzu wani ɗan wasan Amurka Sam Wanamaker ne ya shafe shekaru yana fafutukar a sake gina shi, ya rasu a 1993 bai ga buɗewarsa ba a 1997. Zagayayye ne, katako da farin yaɓe, rufin ciyawa, e ciyawa a tsakiyar Landan, shi ne na farko da aka yarda a yi wa irin rufin tun babbar gobarar 1666, tsakiyarsa kuma a buɗe yake sama na kallonka. Tikitin tsaye muka saya, shi ne mafi araha, bai kai fam 10 ba ma a lokacin, filin yana ɗaukar mutum wajen 700 kuma su ne a gaba, har ka iya jingina da dandamalin. Yaya na shiga ya ce wannan ai gidan dambe ne, kuma wallahi ya yi gaskiya, yanda 'yan kallo suka kewaye fili, 'yan wasan na kallon idonka, su ratso ta cikin jama'a, su tsokani wani a yi shewa, babu duhun nan na silima da kowa ke zama shiru. Turancin na da ne, ni da nake karatu da Turanci ma rabi nake tsinta, Yaya kuwa ya ce ko kalma goma bai kama ba amma ya gane waye munafuki a cikinsu tun fitowarsa. Sai dai a sani, tsaye ake nufi tsaye, ba a zama a ƙasa, ba a buɗe lema, in ruwa ya sauko wasa bai tsayawa. Ya ɗan yayyafa mana kuwa. Da aka tafi hutun rabin lokaci gwiwar Yaya ta ce ta gaji, muka fita. Mai ciwon ƙafa ko mai ƙananan yara ya ƙara kuɗi ya sayi na zama.

Tate Modern na maƙwabtaka da shi, taku kaɗan. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce da ta daina aiki a 1981, aka mai da ita gidan zane-zane a 2000, dogon bututun hayaƙinta mai mita 99 na nan, kuma shiga kyauta ne sai dai nune-nune na musamman. Ni don mu fake wa sanyi na ja shi ciki. Muna gangarawa babban zauren da injinan suke a da, tsawonsa mita 155, sai ga wasu manya-manyan abubuwa uku na rataye daga rufi, na farkon ja wur kaman ƙaton mayafi iska ta cika shi, na ƙarshen baƙi ya zubo har ƙasa. Yaya ɗan Kwari ne, daga nesa ya fara kimanta shi a matsayin yadi, yana cewa dubi yanda ya zuba, wannan leshi ne ko me. Da muka matsa kusa ashe murafen kwalabe ne da guntayen gwangwani, dubbai a kan dubbai, an daddake su an ɗinke da wayar tagulla ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe baki ya ce kayan 'yan jari-bola ne fa wannan. Aikin El Anatsui ne, haifaffen Ghana wanda ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, kuma bayanin da ke bango ya danganta murafen da tsohon cinikin giya da sukari da bayi tsakanin Afirka da Turai da Amurka, a gidan da ke ɗauke da sunan Henry Tate wanda da sukari ya yi arziki. Mun fi minti 40 a wajen, Yaya, mutumin da ya gaji da London Eye tun kafin ta sauko, yana ta zagayawa yana leƙa bayan abun don ya ga ɗinkin, yana tambayata mutum nawa suka yi aikin nan, wata nawa. An sauke shi tun Afrilun 2024, zauren duk shekara wani ake ba wa, don haka abun da za ka tarar sa'arka ce. Benayen sama kam ba zan yi ƙarya ba, wasu zanukan sun burge ni wasu kuma na tsaya gabansu ina jiran in gane har na haƙura. Yaya ya ce wani ɗan autansa zai iya, na ce ku yi a hankali kar a ji mu.

In za a tambaye ni maki, Globe tara cikin goma, Tate takwas, tafiyar bakin ruwan ita kanta takwas, London Eye shida saboda aljihu, abincin rumfar nan biyu, ɗayan ma don ruwan da suka ba mu ne.

Da magariba ta kawo kai muka hau gadar Millennium, siririyar gadar ƙafa da ke kai ka cocin St Paul's. A tsakiya na ba Yaya labarin cewa da aka buɗe ta a Yunin 2000 rawa ta dinga yi da mutane har aka rufe ta bayan kwana biyu, ba a sake buɗewa ba sai 2002 da aka gyara. Ya tsaya cak ya ce kuma shi ne ka bari sai da muka zo tsakiya ka faɗa min. Kasuwar Borough da na yi niyyar mu ƙare a can ba mu kai ba, ƙafa ta ƙi, muka nemi tasha mafi kusa.